Na Shiga Cikin Yaran

Yamai, farkon watan Disamba

Zuwa ga Ya Kaltumi,

Assalamu alaikum. Wushe, wushe. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Grema da Innarmu da duk mutanen unguwa. Ƙafar Inna ta yi sauƙi? Ni lafiyata ƙalau, sai dai ci, kin san ƙanenki. Wayata ta mutu, buhun tattasai ne ya faɗo mata a tasha inda nake dako, shi ya sa kuka ji ni shiru. Jiya Grema ya iso da kaya, na ce kafin ya juya kamiyonsa bari in rubuto.

Ya Kaltumi, albishirinki. Na shiga cikin yaran.

Kin tuna kina cewa jikin nan nawa ba shi da amfani sai cinye tuwon mutane? To an samu wanda ya ga amfaninsa. Wani mutum ya tsaya yana kallona ina sauke buhu biyu a kafaɗa, ya ce in same shi da yamma a wani fili bakin kogi. Na je na tarar da ƙarti irina, wani maƙeri, wani mai gashin burodi, wani mai gadi, kowa da aikinsa da rana. Abin da suke yi sunansa zari-ruga. Ƙwallo ce, amma ba irin wadda kika sani ba. Doguwa ce kamar guna. Rungume ta ake yi a ƙirji, ka sunkuyar da kai, ka kutsa cikin mutane. Duk wanda ya tare ka, ka bi ta kansa. Abin dariyar kuma, ba a jefa wa ɗan'uwa ita gaba, sai baya. Gaba kake so, baya kake jefawa. Na yi sati ina shan zagi kafin abin ya zauna mini.

Sunan ƙungiyarmu Dorinar Kogi. Ni a sahun gaba aka sa ni, cikin masu ture, wai ginshiƙi. Ana ba mu ɗan abin sayen sabulu da abinci bayan horo, abincin nan shi ya fi tsaya mini a rai. Bana an shirya kofi tsakanin ƙungiyoyin nan da na Benin da Burkina da Togo. Wajen ƙarshen watan nan za mu tsallaka iyaka. Shugabanmu, wanda ke horar da mu, ya tara mu ya ce, "Yarana, duk wanda ya dawo ba jini a rigarsa, bai yi aiki ba." Ni kuwa na yi rantsuwa zan yi aiki.

Grema ya zo filin ya gan mu, har ya ɗauki hotonmu a wayarsa. Ki ce ya nuna miki. Kada ki tsorata da ƙyallen da ke kaina, kunne ake ɗaurewa don kada a cire wa mutum shi.

Ki gaya wa Inna ta sa ni a addu'a. In kin tashi ba da amsa, Grema ya ajiye wurin mai shayin tasha, nan nake karɓar saƙo.

Ƙanenki,
Zakariya'u


Difa, tsakiyar Disamba

Zakariya'u,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, in dai numfashi shi ne lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, sai kai ka aiko mata da ciwon da ya fi na ƙafa.

Kai wane irin mutum ne? Tuwon Yamai ne ya toshe maka kai har ka manta garinku? Su wa ake ce wa yaran a bakin Komadugu? Tun ranar da suka tsallako ruwa suka yanka mahaifinmu Baba Alkali a tsakiyar tattasansa a Geskeru, muka kwaso tabarmi muka dawo Difa, ka taɓa jin wani ya kira su da wani suna? Ba a faɗin sunansu. Yaran kawai ake cewa, a rage murya, a duba baya. Inna ko 'ya'yan maƙwabta ta daina ce musu yara, sai dai ta ce ƙananan nan. Kai kuma ka zauna ka rubuta da hannunka, har da albishir.

Ga yadda aka yi. Grema ya ajiye takardar a gida ya wuce sauke kaya, ni ina gona wurin tsinkar tattasai. Inna ta ƙosa ta ji labarin autanta, ta ɗauka ta kai wa Sallau mai kanti, mutumin Damagaram ɗin nan, ya karanta mata. Ka san Sallau, in ya samu takarda sai ya ɗauka a gidan rediyo yake. Ya buɗe murya, bencinsa cike da mutane. A cikinsu har da Gajere, shugaban 'yan bangan unguwa, wanda yaran suka harbe wansa a cikin jirgin kamun kifi.

Sallau na kaiwa "na shiga cikin yaran" Inna ta zube ƙasa. Gajere ya ce, "Ci gaba." Ya ci gaba. Da ya kai wurin ƙwallo, Gajere ya ce ya maimaita, ya maimaita. Sai ya miƙe ya ce, "Abu dogo, a rungume a ƙirji, a kutsa cikin mutane. Mu za a gaya wa ƙwallo? Mun ga irin wannan ƙwallon. Da tabarma muka kwashe mutane." Sannan ga tsallaka iyaka, ga shugaba, ga jini a riga. Me ka rage musu?

Aka kirawo Grema. Bawan Allah ya zo da guminsa ya ce, "Wallahi wasa ne, da idona na gani. Zari-ruga ake ce masa."

Gajere ya ce, "Ai mun sani. Zari-ruga suka yi da shanunmu, zari-ruga suka yi da 'yan matanmu."

Grema ya shiga bayani, wai ana son gaba amma baya ake jefawa. Duk bencin ya fashe da dariya. Wani ya ce, "Grema, ko ƙarya ba ka iya ba. Ina ka taɓa ganin mai zuwa Maine a yamma ya nufi Geskeru a gabas?"

Ban ga laifinsu duka ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma yanzu in na je famfo, mata janye bokitinsu suke yi. Masu taya ni tsinka sun daina zuwa, tattasai yana nuna yana zubewa. Shekaranjiya an yi mana ruwan duwatsu a ƙofa, ɗaya ya fasa randar Inna.

Saboda haka ka saurare ni. Ka rubuto takarda mai hankali, ta mutanen kirki, wadda za a karanta a gaban Liman. Ka faɗi sunan filin, da sunan mai horar da ku, da lambar wayarsa. Kada in sake ganin kalmar nan, kada in ga jini, kada in ga iyaka. Baki shi ke yanka wuya, kai kuma naka bakin a alƙalami yake.

Inna ta ce in tambaye ka, don Allah da gaske wasa ne?

Yayarka,
Kaltumi


Kwatano, ƙarshen Disamba

Zuwa ga Ya Kaltumi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Inna da Grema. Har muka taso ban ga amsarki ba, na san aikin tattasai ne ya riƙe ki. Ina rubuta wannan a masaukinmu, in mun koma Yamai zan bar ta wurin mai shayi. Lafiyata ƙalau, ban da haƙori ɗaya da na bari a ƙasar mutane.

Ya Kaltumi, mun yi aiki! Mun tsallaka gada muka shiga Benin, muka fara da na Paraku, waɗannan ba su wahalar da mu ba. Na Kwatano su ne maza. Akwai abin da ake yi a wasan nan, mutum takwas nan, takwas can, a sunkuya a haɗa kai kamar raguna, a yi ta turi. A ƙarƙashin wannan haɗa-kan alƙalin wasa ba ya ganin komai, Allah kaɗai ke gani. Wanda ke gabana wani baƙin ƙato ne mai tabo a gira. Haɗuwar farko ya sa mini yatsa a ido. Ta biyu ya cije mini kunne ta cikin ƙyalle. Ta uku ya ɗago gwiwa ya same ni a baki, na ji haƙorina yana yawo a kan harshe. Na tofar da shi, na ce a raina zan same ka a fili.

Na kuwa same shi. Ya karɓi ƙwallo ya taho da gudu yana huci, ya ɗauka zan kauce. Na sunkuya na shige shi a ƙugu, na ɗaga shi sama, na dasa shi a ƙasa da kafaɗa. Na ji ƙashinsa ya yi ɓas, kamar an taka busasshen kara. Bai tashi ba. Ya buɗe baki, kuka ya ƙi fitowa. Allah ya yafe mini, daɗi na ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Daga nan fa aka rikice, naushi ta ko'ina, maƙerinmu ya fasa wa wani hanci, jini har a gashin idona. Kafin a tashi mun bar uku daga cikinsu a kwance. Rigata ba a gane launinta, shugabanmu ya ɗaga ta sama ya nuna wa sauran yaran.

Amma ga abin da ya ɗaure mini kai. Da aka busa tashi, sai aka ce mu yi layi biyu, su wuce ta tsakiyarmu muna tafa musu, mu ma mu wuce su tafa mana. Kowa ya ba kowa hannu. Sannan aka haɗa mu a tebur ɗaya aka kawo shinkafa da kifi. Mai tabon nan, an ɗaure masa hannu a wuya, shi ya turo mini kwanon yaji. Wai dokar wasan ke nan, in ka kayar da mutum, kai za ka miƙa masa hannu ya tashi. Na ci abincin, amma na kasa kallonsa.

Saura Wagadugu. In mun karya waɗancan, sai wasan ƙarshe a gida. Kuma na yi wa kaina alkawari, wata rana sai na kawo yaran har Difa, ku gani da idonku. Gajere da 'yan sandunansa su zo su ga yadda maza ke yi.

A gaida kowa.

Ƙanenki,
Zakariya'u


Difa, watan Janairu

Zakariya'u,

Sallama. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa. Inna tana kwance, ba ta ci. Grema yana hannun 'yan banga.

Na gane takardunmu sun yi saɓani. Grema ya ajiye tawa wurin mai shayi, ranar da zai juyo ya karɓo taka, ya sa a ƙarƙashin hularsa. Ka san bai yi lekol ba, bai iya karatu ba, bai san abin da ya ɗauko ba. Yana murna ma, ya ɗauka ita ce takardar hankalin da na roƙa. A bakin gari su Gajere suka tare kamiyon, da ma jiransa suke. Suka cire hular, suka sa wani ya karanta a nan bakin hanya.

"Mun bar uku a kwance." "Sai na kawo yaran har Difa." Har da sunan Gajere ka sa, don kada ya yi shakkar da shi ake. Zancen tafi da shinkafa da kifi ba wanda ya ji shi, kunne ya riga ya cika.

Suka jawo shi daga mota ta wuyan riga. Waɗanda suka gani sun ce da gora suka fara, ya kare kansa da hannu yana rantsuwa. Ya ce su duba wayarsa, akwai hoto. Suka duba. Me suka gani? Ƙarti tsaye a daji bakin ruwa, kawuna a ɗaure, fuskoki a kumbure, kai a tsakiya kana rungume da abin nan a ƙirji. Gajere ya ce, "Ga hujja ka ba mu da kanka." Suka ɗora hannunsa na dama a kan matakalar kamiyon, suka ce wannan hannun ne ke kai saƙo, wani ya ɗauko ƙarfen kwance taya ya sauke masa. Ba sau ɗaya ba.

Na gan shi jiya a gidan da suka kulle shi. Ban gane shi ba sai da ya yi magana. Hannun ya zama kamar tulun fata, yatsun kowanne da inda ya nufa. Ka san abin da ya fara ce mini? "Kada ki zagi Zakariya'u, bai sani ba." Ni kuwa na zage ka, kuma ban janye ba.

Sun so su miƙa shi ga masu kaki a ranar, da sunan ɗan aiken yaran. Ka san wanda aka tafi da shi da wannan sunan, 'ya'yansa sai dai su girma su ji labarinsa. Liman ne ya tsaya a ƙofa da sandarsa ya ce ba za a fitar da shi ba sai an ba mu dama. Sun yarda zuwa Juma'ar sama, bayan an sauko daga masallaci. In ba mu kawo abin da ido zai gani ba, za su tafi da shi.

Wayar tana hannunsu, ba ni da lambar kowa a Yamai. Wani direba abokin Grema zai kai wannan.

Kada ka sake rubutowa, takardarka ce ke kashe mu. Kada kuma ka zo, wallahi ba za ka kai ƙofar gida ba. Ka ba direban ƙwallon kawai, su taɓa ta su ga fata ce da iska. Sau ɗaya a rayuwarka ka yi abin da aka ce maka.

Kaltumi


A cikin mota, bayan Gure

Ya Kaltumi,

Assalamu alaikum. Kin ce kada in rubuto, kin ce kada in zo. Ga shi ina yin duka biyun. Wannan ba zan ba kowa ba, a aljihuna za ta zauna har in miƙa miki, don na san in na gan ki bakina zai mutu. Ki yi haƙuri da rubutun, hanya ce.

Takardunki biyu tare na same su, ranar da muka dawo daga Wagadugu. Mun ci su, na fasa wa wani gira da kaina, an kore ni waje na ɗan lokaci, na dawo na ƙara. Na sauka a tasha ina taƙama, mai shayi ya miƙo mini. Na karanta a tsaye. Sai da na zauna a ƙasa.

Wasan ƙarshe ranar Asabar ne, da na Lome, a filinmu. Na je na gaya wa shugabanmu. Ya ce ba shi da wani ginshiƙi, in na tafi kada in dawo. Na ce to. Na ɗauki ƙwallo ɗaya a gabansa, bai hana ni ba.

Ba zan aiko ta ita kaɗai ba. Ƙwallo ba ta magana. In direba ya fito da ita daga buhu, kafin ya buɗe baki an fasa masa kai, mun ƙara na biyu ke nan. Sai a hannun wanda ya san ta.

Abu ɗaya nake tsoro, kuma ba gorarsu ba ce. Duk wanda na ɗaga na buga da ƙasa a wasan nan, ba shi nake gani ba. Waɗanda suka shigo gonar Baba nake gani, ko da yake ban san fuskarsu ba. Shi ya sa nake jin daɗi. Yanzu tun daga Dosso hannun Grema nake gani, in na rufe ido sai in ga wuyan Gajere a cikin nawa hannun. Na san yadda ake yi, abu ne mai sauƙi. In na yi, na tabbatar musu da duk abin da suka faɗa, kuma Grema ya tafi ke nan. Ki roƙa mini Allah ya riƙe ni.

Ki ce wa Inna wasa ne. Wallahi wasa ne.

Zakariya'u


Difa, watan Fabrairu

Zuwa ga ƙanena Zakariya'u, a asibitin Damagaram,

Assalamu alaikum. Wushe da jiki. Ya kan? Balkisa ƙanwar Sallau, wadda ke kai maka abinci, ta aiko cewa ka fara zama, har ka yi ƙorafin tuwo ya yi kaɗan. Da na ji haka na ce alhamdu lillahi, ƙanena ya dawo. Sallau ne ya haɗa mu da ita. Tun ranar bai iya haɗa ido da ni ba, ko gishiri na je saye sai ya ƙara mini.

Balkisa ta ce likita ya ce ba ka tuna komai daga Maine zuwa gadon da kake kwance, kuma kana ta tambaya. To ni zan gaya maka, don ina wurin.

Ranar Juma'a ce, an sauko daga masallaci. Sun fito da Grema filin gaban lekol, suna jiran mota. Ni ina tsaye ba ni da komai a hannu, direban bai dawo ba. Sai na ji ihu daga wajen tasha, mutane suna gudu suna zubar da takalma. Na duba, sai ga ka tafe a tsakiyar titi kai kaɗai, da abin nan a ƙirji. Mai tsire ya bar tsirensa. Mata suka kwashi 'ya'ya. Na ce shi ke nan, ga gawa tana tafiya da ƙafarta.

Ka tsaya nesa da su ka yi sallama, ba wanda ya amsa. Sai ka saki ƙwallon ka buga ta sama da ƙafa. Ban taɓa ganin abu ya yi sama haka ba. Duk filin aka kwanta rub da ciki, har Liman da rawaninsa. Ta faɗo, ta yi tsalle hagu, ta yi dama, kamar ɗan akuya, ta gangara ta tsaya a gaban Gajere. Shiru. Ba abin da ya fashe. Can wata tsohuwa mai ƙosai ta ɗago kai ta ƙyalƙyale da dariya, wasu suka taya ta.

Dariyar nan ce ta jawo. Gajere ya tashi da ƙasa a gemu, kunya ta rufe shi, ya ɗaga gora ya yo kanka. Ba ka kauce ba. Ka sunkuya, gorar ta wuce ta samanka, ka shige shi a ƙugu, ka ɗaga shi kamar buhun da ba a cika ba, ka maka shi da ƙasa. Har inda nake na ji ƙarar bayansa. Ka hau kansa, damtsenka a maƙogwaronsa, idanunsa suka firfito, ƙafafunsa suna shure-shure. Na ga fuskarka, Zakariya'u. Ba fuskar ƙanena ba ce. Lokacin ban karanta takardar aljihunka ba, amma na san abin da ke shirin faruwa.

Sai ka ɗauke damtsen daga wuyansa. Ka tashi, ka miƙa masa hannu ka ce, "Wasan ke nan, Gajere. Iyakarsa ke nan. In ka kayar da mutum, kai za ka tashe shi. Kamo."

Yana kwance yana kallon hannun. Na rantse ya fara ɗago nasa. A nan ne ɗaya daga cikin mutanensa ya zo ta bayanka da ƙarfen nan, wanda suka yi wa Grema aiki da shi, ya sauke maka a ƙeya. Ka faɗi a kan Gajere. Jininka a bakinsa ya zuba.

Ban san yadda na isa wurin ba. Na tarar Gajere ya tuɓe rigarsa yana danne maka kai, yana zagin mutanensa, yana cewa, "Ku matsa! Yaran ba sa miƙa hannu! Kun taɓa ganin sun miƙa hannu?" Shi ya ɗauke ka ta kafaɗa har mota. Liman ya je ya kwance igiyar Grema da kansa, ba wanda ya hana shi. Wanda ya buge ka ya bar gari. Takardarka kuwa a aljihunka na same ta, rabinta ja.

Grema yana gida. Mai ɗori ya yi iya yinsa, asibiti ma sun duba, yatsu uku ba za su sake lanƙwasa ba. Ba zai ƙara riƙe sitiyari ba. Yanzu shi ke zama bakin shanyar tattasai yana korar awaki. Gajere ya zo sau biyu ya tsaya a ƙofa, Grema ya ce a shigo da shi, ni na ce ba a gidana ba tukuna. Ban yafe ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba.

Direban nan ya kawo labari cewa na Lome sun ɗauke kofin, wai ture 'yan Dorinarku aka yi ta yi a haɗa-kan nan kamar buhun ƙaiƙayi. Na san zai yi maka ciwo. Ga wanda ya fi, gara ka ji daga bakina: likita ya ce kan nan naka ba zai sake shiga haɗa-kai ba, ko buhu ma sai an ga hali. Ka dawo gida. Gona tana nan, kai da Grema ku haɗa hannu uku.

Ƙwallonka tana wurin 'ya'yan unguwa. Kullum da la'asar suna ƙofarmu suna turmushe juna, riguna duk sun yage, iyaye suna ta ƙorafi. Ba su san dokar ba, jifa kawai suke yi ta ko'ina. Jiya Inna tana zaune a zaure tana kallonsu, sai na ji ta ɗaga murya: "Kai, yaran nan! Baya ake jefawa, baya! Haka ɗana ya ce."

Ni da Grema muka kalli juna. Ita ba ta ma san ta faɗi kalmar ba, ta ci gaba da ɓare gyaɗarta. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban samu yi ba ranar da aka tafi da kai.

Ka ci abinci, ka sha magani, kada ka yi wa likita gardama.

Yayarka,
Kaltumi